Kada Aska Ta Taɓa Jikin Innarka

Unguwar Sarki, Kaduna.

Zuwa ga ɗana Sani,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Innarka, a duk inda jirgi ya kai ku lokacin da ka buɗe ta. Allah ya kiyaye hanya, ya sauke ku Ƙauran Namoda lafiya, ya kai ku gida cikin dangi ba tare da wani abin ƙi ba. Amin.

Na ce maka kada ka buɗe ta sai kun wuce Zariya, don akwai magana a cikinta da ba zan iya faɗa maka ina kallon idonka ba. Ka karanta a hankali. In Innarka ta tambaye ka, ka ce nasiha ce irin ta tsofaffi.

Ni ya kamata in yi tafiyar nan. Na nemi hutu har sau biyu, aka ce babu mai riƙe ɗakin magani. Shekara ashirin da ɗoriya ina bayan tagar nan ina ƙirga wa mutane ƙwaya, waɗanda suka zo bayana sun wuce ni sun bar ni, amma ran da na nemi mako uku sai aka tuna ina da amfani. To, shi ke nan. Kai za ka kama aikin malanta a garinmu, garin da ni na baro tun ban yi gemu ba, kuma Innarka ta rantse sai ta bi ka ta ga tsohuwarta tun tana da rai. Ban isa in hana ta ba. Makarantarku ba za ta buɗe ba sai bayan mako uku, saboda haka kai za ka rako ta ta dawo. Abu ɗaya nake nema a wurinka, Sani: ka dawo mini da ita da ranta.

Ka san ƙafarta ta kumbura bayan damina, ka san tana shan ƙwaya, amma ba ka san mece ce ƙwayar ba. Jini ne ya daskare mata a jijiyar ƙafa. Likita ya ce in gudan ya ɓalle ya bi jijiya ya kai huhu, ko salati ba lalle ta samu yi ba. Ƙwayar tana tsinka jini ne ta hana shi yin guda. Sai dai jinin da ba ya daskarewa a ciki, ba ya daskarewa a waje. Yankan da kai za ka tsotse ka manta, ita zai iya kwantar da ita. Shi ya sa ake ɗibar jininta ana aunawa, a ga ko ya tsinke daidai ko ya wuce kima. A garinmu babu mai wannan awo. Sai ido, kuma idon naka ne.

Ka tuna Malam Ummaru mai goro na Badarawa, wanda kuke kira Baba Mai Goro? Kana makaranta ya rasu, muka aiko maka cewa ciwon ƙafa ne. Ba ƙarya muka yi ba, ba kuma gaskiyar ke nan duka ba.

Ran da na sauka tashar Kaduna ban san kowa ba sai sunansa, don mutumin garinmu ne. Shi ya ba ni tabarma a zaurensa, na ci tuwon gidansa shekara biyu, shi ya kai ni wurin wanda ya sa ni aikin asibiti, shi ya karɓa mini auren Innarka, shi ya raɗa maka suna. Ban taɓa kiransa da sunansa ba, sai Maigida. Da ƙafarsa ta kumbura irin ta Innarka, ni na kai shi gaban likita. Ƙwayar nan sabuwa ce a wurinmu lokacin, mutane kaɗan aka sa wa ita, kuma likita ya yarda ya sa masa ne don na ce ni zan kula da shi. Ka ji, ni na ce.

Da na miƙa masa kwalbar ta taga, ya zazzago ɗaya a tafin hannu ya ce, "Garba, wannan 'yar mitsitsiyar ce za ta sauke ƙafar nan? Ai tsabar wake ta fi ta."

Na ce, "Haka likita ya ce, Maigida. Ɗaya kullum."

Iyakar abin da na faɗa masa ke nan. Layi ya yi tsawo, kuma nauyinsa nake ji, ban iya zaunar da shi kamar ɗalibi ina ce masa yi kaza, bar kaza. Bayan 'yan makonni motar goro ta iso daga kudu, ya kwana uku yana kasuwa yana kwance huhun goro yana ware na kirki da mai tsutsa, ya manta da magani. Da na je gaishe shi a rumfa na tambaya, sai ya ce, "Kwantar da hankalinka, ɗan nan. Uku suka wuce ni, uku na haɗiye yau da safe. Wanda salla ta kuɓuce masa ai ramawa yake yi." Mutanen rumfa suka yi dariya, ni ma na yi. Kuma ban gaya wa likita ba, don kada ya ce ban iya aikina ba. Daga baya na gane ba ranar ce kaɗai ya rama ba.

Innarka mace ce mai ramuwa, ka san ta, ko nafila ba ta bari ta wuce ta. Saboda haka kwalbar nan a hannunka za ta zauna, ba a lefenta ba. Kullum bayan la'asar ka ba ta da hannunka yadda na rubuta a jikin kwalbar, ka tsaya har ta haɗiye. In rana ta wuce, ta wuce ke nan, ba a rama ta. Ga shi kuma hannunta a sake yake. Duk matar da ta zo gaisuwa ta ce ƙafarta na ciwo, Innarka za ta so ta ɓallo mata ɗaya, a ce ta zo da maganin Kaduna. Kada ka yarda. Haka nan in kanta ya yi ciwo, kada wani ya kawo mata asfirin ko efisi daga teburin ɗan koli, kada a jiƙa mata sassaƙe ko saiwa. Ban ce duk maganin gida banza ba ne, da shi aka raine ni. Amma ban san yadda zai yi da ƙwayar nan ba, likita ma ya ce bai sani ba, kuma ba a jikin Innarka za a gwada ba.

Kuskurena na biyu ya fi wannan ban haushi, don gaya mini ya yi da bakinsa. Muna dawowa daga Juma'a ya rage murya ya ce, "Garba, fitsarina ya yi ja kwana biyun nan." Sai na ce, "Maigida, yarinta ce ta dawo maka. Tsagiya ce." Ka san a garinmu duk yaron da ke wanka a tafki sai ya yi fitsarin jini, har ana yi wa wanda bai yi ba dariya. Mun saba da shi har ba ma ganinsa ciwo. Ga shi kuma an ce mana ƙwayar tana ɗan sauya launin fitsari ko babu komai. Na sami dalili biyu na kwanciyar hankali, na rungume su. Abin da ya kamata in yi ƙarami ne: in ba shi kwalba ya yi a ciki, in kai ɗakin awo. Ban yi ba. Dasashinsa ma yana jini a lokacin, matarsa ce ta gaya mini bayan komai ya wuce. Ta yaya zan gani? Mutumin da bakinsa ja ne da goro tun safe har yamma.

To, ka hana Innarka goro a makonnin nan, ka hana ta shafa fure a haƙori. Za ta yi maka faɗa, ka ce ni na ce. Kada a ƙunsa mata lalle a ƙafa ko a hannu, don yana ɓoye tabon da jini ke yi in ya kwanta a ƙarƙashin fata. Ka riƙa duba asuwakinta in ta ajiye. Akwai kuma abin da ba za ta taɓa gaya maka ba ko za ta mutu, don kai ɗanta ne. Wannan sai ka sami Gwaggonka Hassi, ƙanwata, ran da kuka isa. Ita kaɗai ce a gidanmu take sauraro kafin ta yi magana. Ka ce mata ta riƙa tambayar Innarka kullum: fitsari ya yi ja? Bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta? Al'ada ta zo ta ƙi ɗaukewa? Na san nauyin maganar a bakinka. Ka sunkuyar da kai ka faɗa. Ni nauyin baki ne ya kai ni inda nake.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Ka san gidanmu gidan wanzamai ne. Kakanka wanzami ne, wana Bawa ya gaje shi, ni kuma a hannun Bawa na koyi riƙe aska kafin in gudo birni. Abin da ba ka sani ba shi ne, na zo Kaduna da zabira. Ran Lahadi, in babu aiki, mutanen garinmu da ke nan sukan kira ni in yi musu ƙaho a ɓoye. Da asibiti ta ji, da an kore ni tuni. Ina yi ne don a nan kaɗai nake jin ni ɗan wani ne, ba Garba na bayan taga ba.

Wata Lahadi da hantsi, zafi ya fara shigowa, na je gaishe da Maigida na tarar da shi a zaure da abokansa su huɗu. Ya ce, "Yauwa, ga ɗan halak. Garba, bayana ya yi nauyi, mataccen jini ya taru. Koma ka ɗauko kayan tsohonka."

Na ce, "Maigida, likita ya hana a taɓa ka da ƙarfe. Ko haƙori ya ce kada a cire maka."

Ya ce, "Likitan ne ya ba ka tabarma ran da ka sauka Kaduna?" Da dariya ya faɗa, wallahi ba gori yake yi mini ba, haka yake wasa. Wani daga cikin abokan ya ce, "Bar shi, Malam Ummaru. Ɗan wanzami ya zama Bature, sai dai ka nemi na kasuwa."

Sani, na sani. Kada wani ya ce maka ban sani ba. Ina tafiya gida ina gaya wa kaina: in ban yi ba zai kira na kasuwa, gara ni, hannuna ba shi da nauyi, ƙaho huɗu kawai, tsaga sama-sama. Kafin in dawo Badarawa na gama shawo kan kaina.

Na kafa ƙahonin, na zuƙa, na toshe. Na cire na yi tsaga, ƙanana ƙwarai, na mayar. Ka taɓa ganin ana ƙaho, ka san in an cire akan juye baƙin guda a ƙasa a nuna wa mai ciwo, a ce ga ciwonka. Da na cire na farko na juye, babu guda. Ruwa ne ja, tsararo, kamar an jiƙa zoɓo. Maigida yana zaune ya ba ni baya, ya ce, "Ina gudan? Nuna mini mugun." Na ce yana zuwa. Na goge wurin, ya sake cika. Na danna da auduga, ta jiƙe. Na cire sauran ukun, duk haka. Jini yana bin bayansa layi-layi har cikin wando. Mai cewa na zama Bature ya ce a zuba toka. Wani ya ce a kira liman. Na yage rawanina na naɗe shi tam, kafin in ɗaure ja ya huda farin. Sai ya ce, "Garba, zauren nan juyawa yake yi ko ni ne?"

A motar itacen wani maƙwabci muka kai shi asibiti. Likitanmu Bature ya zo da gudu, ya yi masa allurar da ke mayar da jini yadda yake, ya ɗaure wuraren. Zan faɗi gaskiya a kan Baturen nan ko da yake shi ne ya hana ni hutu: ya yi iyakar yinsa, bai zauna ba sai da jinin ya tsaya. Sannan ya juyo ya tambaya wa ya yi wannan aiki. Kuma ni ne tafinta.

Maigida ya buɗe ido ya ce, "Me Nasaran ke cewa?"

Na ce, "Yana tambayar wanda ya yi maka ƙaho."

Ya ce, "Ce masa wani mai wucewa ne, ya riga ya hau jirgi." Sannan ya ƙara rage murya ya ce, "Kuma ka gyara fuskarka, sakarai, kana tona kanka."

Na juya na faɗa wa likita da Turanci kamar yadda aka ce. Abokan nan huɗu ma ba wanda ya taɓa buɗe baki, don ya roƙe su. Ran Talata da azahar ya cika. Likita ya ce jini ya daɗe yana zuba a cikinsa, ƙahon ƙarasawa kawai ya yi. Na riƙe maganar nan shekaru ina lallashin kaina da ita. Amma wa ya yi dariya ran da ya haɗiye uku? Wa ya ce tsagiya ce? Na ciki nawa ne, na waje ma nawa ne. Ni na yi masa wanka, na ga tsagata guda-guda a bayansa. Zabirar kuwa tana cikin kogin Kaduna.

Yanzu ka gane abin da nake tsoro. Ba jirgi ba ne, ba hanya ba ce. Baba Bawa ne.

Kada ka ɗauka mugu ne. Mun yi shekaru ba ma ga maciji da juna, ya kira ni yaron Nasara a gaban mutane ran sadakar bakwai ɗin kakanka, har yau abin yana ci mini rai. Amma a sana'arsa ban san kamarsa ba, kuma yana ƙaunar Innarka, yana ganin na kai ta birni na lalata ta da ƙwayoyi. Kwana ɗaya ko biyu da saukarku zai shigo da zabira a kafaɗa. Zai duba ƙafar ya ce, "Mi ya sami ƙafag ga? Wanga ai jini na ya mace. Ƙaho biyu ya ishe shi." Ita kuma za ta so. Tun a nan ta sha ce mini da an yi mata ƙaho da tuni ta warke, ni nake hanawa, ba ta san dalilin zafina ba. Tsohuwarta za ta goyi bayansa. Duk gidan za su taru a gefe ɗaya, kai kaɗai a ɗaya gefen, yaro ɗan boko mai wando, baƙo a garin ubansa. Za a ce ba ka da kunya. Za a ce ubanka ya koya maka raina gadon gidanku. Wani zai yi wasa, kowa ya yi dariya, kuma dariyar nan ita ce abin tsoro, don ita ta kai ni ɗauko zabira.

Kada ka jira ya zo. Ran da kuka sauka, ka je ka gaishe shi a zaurensa, ka durƙusa, ka ba shi goron da na sa a akwatinka, ka gaya masa shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba. Mutum irin Bawa zai iya janyewa in babu mai kallo. Ka ce ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya, ko ƙaya ta taka kada a sa aska a cire. Ka ce ba gwanintarsa ake shakka ba, jinin ne aka sauya. Kuma ka sani ba lalle a yi a gabanka ba. Za a iya aikenka kasuwa ko gaishe da hakimi, ka dawo ka tarar an gama. Don haka in za ka fita, Hassi ta zauna da ita.

In kuwa Allah ya ƙaddara jini ya fito, ta yanka ko ta haɓo, ka sa tsumma mai tsabta ka danna da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. Ba toka, ba garin magani. Ka daina ba ta ƙwayar, ka nemi mota ko jirgi zuwa asibitin Gusau a ranar, ba washegari ba. Haka in Hassi ta kawo maka labarin ja ko baƙi, ko Innarka ta ce kanta na sarawa irin wanda ba ta taɓa ji ba, ko ta faɗi ta bugu. Takardar likita tana cikin ambulan ɗin da na ɗinke a aljihun rigarka, ka miƙa ta tun daga ƙofa. Ko babu abin da ya faru, ran kwana goma ka kai ta a auna jinin. Za ta ce lafiyarta ƙalau, za ta ce wahala ce. Ka kai ta.

Na san Bawa. Mai yiwuwa duk ladabin nan ya saurare ka har ƙarshe, ya ce, "Ka gama? Tashi ka ba ni wuri." In ya kai ga haka, in ka ga ya buɗe zabira, to ka fito da takardar nan ka karanta masa labarin Malam Ummaru, da ƙarfi, ko wa ke wurin. Ya san Ummaru, tare suka yi kiwo. In ya ce hannuna ne bai iya ba, ka tuna masa shi ya koya mini, kuma shi da bakinsa ya ce hannuna ya fi nasa sauƙi. 'Yan'uwan Ummaru suna nan bayan masallaci, kafin magariba labari zai kai musu. Innarka ma a ranar za ta ji, ita da ta wanke rigata ran Lahadin nan na ce mata jinin na asibiti ne. Na san bayan haka ba ni da fuskar shiga garinmu, ni da nake ta ƙirga shekarun da suka rage in koma in mutu a can. Na auna wannan duka kafin in rubuta. Kada ka tsaya tausayina, kada ka tsallake layi ko ɗaya. Karanta.

Kai kuma abin da za ka ɗauke ni bayan yau, wannan tsakaninka da Allah ne. Ban nemi ka wanke ni ba.

Allah ya tsare ku a tafiya da zama da dawowa. Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar da ni ban samu ba. Allah ya ba Innarka lafiya, ya sa ta sami tsohuwarta da rai, ya jiƙan Malam Ummaru ya haskaka kabarinsa. Ka gaishe da Hassi. Ka gaishe da Baba Bawa, ka ce ƙaninsa yana gaishe shi.

Ni ne mahaifinka,
Garba Dispensa.